Aron Muryar Mma Asana

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Sakina 'yata, ina gaishe ki gaisuwar uwa. Allah Ya sa wannan takarda ta same ki kin sauka Kumasi lafiya, Ya kare ki daga sharrin hanya da na direba mai gyangyaɗi, Ya haɗa ki da maƙwabta masu tsoronSa a inda za ki zauna. Na cusa ta ne ƙarƙashin dardumar sallarki, don haka idan kika kwana biyu ba ki gan ta ba, ni da ke mun san abin da hakan yake nufi.

Ranar da mutanen talabijin suka kira ki, kin yi mini tambaya ban ba ki amsa ba. Kin zo kin tsaya a kaina ina tace gasara, da Hausarku ta 'yan unguwar Nima da ba ruwanta da mace ko namiji, kika ce, "Mma, matar da nake yi a bidiyon waya, ita suke so a wasan. Kuma ka san kai ne. Ka yarda in yi ka?" Ni kuwa na ce ki miƙo mini rariya. Kin miƙo, kin jira, kin gaji kin tafi. Tun daga ranar abinci ba ya yi mini daɗi. Da baki ba zan iya ba ki amsar ba, don na san ki. Ina fara magana za ki riƙe ƙugu, ki karkace baki, ki mayar mini da ita da muryata, in fashe da dariya, maganar ta watse. Shi ya sa na ɗauki biro. Amsar tana ƙasa, amma kada ki tsallaka ki leƙa, ki bi ta yadda na jera ta.

Kin san na taɓa yin wasan talabijin kina goye. Har yau akwai tsofaffin direbobin trotro, motocin hayar nan namu, da ke kirana Mai Ludayi, kin sha ji. Abin da ba ki sani ba shi ne dalilin da ya sa ba na amsawa.

Teburin da nake sayar da koko da ƙosai a bakin lungunmu na Maamobi ba nawa ba ne tun asali. Na Mma Asana ne, ƙanwar mahaifiyata, wadda ta riƙe ni tun ina ƙarama bayan uwata ta rasu. Ba ki san ta ba, kina tatata ta bar duniya. Mace ce doguwa, mai magana a hankali kamar tana auna kowace kalma kafin ta sake ta. Ba ta ɗaga murya, amma idan ta yi maka baƙar magana sai ka kai gida za ka gane an yi maka. Mata da miji idan sun yi faɗa, a bencinta ake sasantawa. Lebura idan ya zo da safe ta ga idonsa, ba ta tambayar kuɗi sai ya gama sha. Kuma tana da wata al'ada: idan koko ya kusa ƙarewa, sai ta ƙwanƙwasa ludayi a bakin tukunya, yaran lungu su fito da kofunansu ta raba musu na ƙasan. Ta ce ƙasan tukunya ba na sayarwa ba ne.

Ni kuma Allah Ya yi ni da irin bakin da Ya ba ki. A gidan biki, idan mata sun gaji da rawa, sai a ce, "Adiza, yi mana Mma Asana." In ja mayafi, in sassauta murya, a yi ta faɗuwa. A haka wani mutum da muke kira Bra Kojo ya gan ni. Ya yi shekaru yana haya a gidanmu, da kokon Mma Asana ya yi karatunsa. Ya samu damar shirya wasan barkwanci na mako-mako a kan wani gidan haya mai ƙabilu iri-iri, yana neman macen Zongo, wato irin tamu ta unguwar masu jin Hausa. Ya ce in zo in yi abin da nake yi a gidan biki.

A lokacin ba a rubuta mana magana. Da safe Bra Kojo zai tara mu ya ce ga abin da zai faru yau, kowa ya faɗe shi da bakinsa. Kaya ma ba su da su, kowa daga gida yake kawo nasa. To ni sai na buɗe akwatin Mma Asana na ɗauki mayafinta mai ruwan ƙasa wanda duk Maamobi ta san shi. Na ɗauki tsohon ludayinta na duma. Da aka ce wane suna za a sa wa matar, na ce Mma Sana. Harafi ɗaya kawai na cire. Duk wannan ban tambaye ta ba. A raina na ce ai uwata ce, kayan uwa na 'ya ne, kuma girmama ta zan yi.

Kuskurena na farko ke nan, kuma daga shi sauran suka fito. Sakina, abin da kika ɗauka daga gida kika kai gaban kyamara ya daina zama naki, ya zama na masu kyamarar. Ke kin tambaye ni, Allah Ya yi miki albarka. Amma na ga bidiyonki da kike in'ina irin ta Baabanki, na ga wanda kike ɗingishi irin na Anti Fati mai tuwo. Su ba ki tambaye su ba. A wayarki, mu-ya-mu ne muke dariya, su ma suna yi. Kada ki tafi da su Kumasi. Ki bar wa Baabanki in'inarsa, ya sha wahalarta tun yana yaro.

Ba zan yi miki ƙarya ba, shekarar farko ta yi daɗi. Mma Sana ta lokacin mutum ce. Akwai makon da wani ɗan haya ya rasa aiki, yana ɓoye wa matarsa, kullum ya sa taye ya fita ya je ya zauna a tasha. Duk gidan ba wanda ya gane sai mai koko. Ba ta tona shi ba. Kullum sai ta cika masa kofi ta ƙara ƙosai, ta ce hannunta ne ya kuskure, tsufa ya fara kama ta. An yi dariya, amma na ga mata suna share ido da bakin zane. Ranar da ake nuna wasan, duk gidan da ke da talabijin a Nima cika yake har taga. Mutanenmu sun gaji da ganin kansu a talabijin a matsayin mai gadi ko ɓarawo, sai ga tasu ta fito da mutuncinta. Mma Asana kanta ta je gidan maƙwabta ta kalla. Da ta dawo ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Matar nan ta fi ni surutu." Ba ta ce komai a kan mayafin ba. Na ɗauki shirunta a matsayin izini, don haka ya fi mini sauƙi.

Sai ranar ludayi. Labarin ranar shi ne mai gida ya fito da kayan wata tsohuwa 'yar haya ya watsa a tsakar gida ana ruwan sama. Bra Kojo ya ce in yi masa faɗa kawai. Ni kuwa abin ya shige ni, na manta wasa ne, na ɗaga ludayi na bi mutumin da gudu har waje. Mai riƙe da kyamara ya yi dariya har hoton ya girgiza. Da aka nuna, garin ya ɗauka. Kuma a gaskiya a ranar Mma Sana ba ta yi laifi ba, don kowa ya ga abin da ya sa mai haƙuri ta fusata. Amma da suka zo yin tallan shirin, sai suka yanke tsohuwar da kayanta da ruwan saman, suka bar mace mai mayafi tana bin namiji da ludayi. Shi ake nunawa safe da yamma.

Na ga tallan, kuma na ji daɗinsa. Wannan ne abin da nake jin kunyar rubutawa. Idan na shiga trotro, yaron mota ya ƙi karɓar kuɗina. A kasuwar Makola mata su bar kayansu su zo su taɓa ni, suna cewa in ɗaga hannu yadda nake yi. Ni da ba wanda ya taɓa sanin sunana bayan gadar Kanda. Da shekara ta biyu ta zo, Bra Kojo ya ce mutane na son ludayin, mu ƙara. Na bi wanda ya zagi maraya, wannan da dalili. Na bi wanda ya ƙi biyan kuɗin ƙosai, dalilin ya ragu. Kafin shekarar ta ƙare na bi mai kawo takardar wuta, na bi akuya, na bi wani don kawai ya yi atishawa kusa da tukunya. Ba rana ɗaya aka lalata matar ba, da na farga. Kowane mako ɗan kaɗan ake gutsura, kamar yadda ake ƙara wa koko ruwa, kofi ɗaya ba ya nunawa.

Don haka ga abin da nake roƙonki. Duk ranar da aka ce ki yi ihu, ko ki zagi wani, ko ki faɗi ƙasa, ki tambaya me ya sa matar za ta yi haka. Ki tambaya da ladabi, amma ki tambaya. Idan amsar ita ce wancan karon an yi dariya, to ki sani an fara. Kuma ki ji tsoron dariyar da ta fi kowace ƙarfi, don ita za su sa ki maimaita har ki tsane ta. Ni ba wanda ya gaya mini wannan.

A shekara ta uku Bra Kojo ya samu wani aiki ya tafi. Da laifinsa, amma aƙalla shi ya san ƙamshin kokon Mma Asana. Aka kawo wasu samari masu karatu, su ne masu rubutawa, su ne masu ba da umarni. Yanzu takarda ake miƙo mana da Turanci, an rubuta ta a ofis mai sanyi. Ba mugaye ba ne, Sakina, kada ki yi tsammanin za ki gane su da ƙaho. Yara ne masu fara'a, suna ce mini Anti, suna ba ni kujera. Amma a cikinsu ba wanda ya taɓa taka Nima da ƙafarsa, iyakarsu su wuce ta babban titi da gilashi a rufe. A wurinsu duk macen Zongo Amariya ce, duk namiji Aboki. Tallan nan suka gani, daga shi suka san Mma Sana.

Rannan na faɗi maganata da Twi, yaren da aka fi ji a gari, sai sabon daraktan ya tsayar da ɗauka. Ya ce, "Anti, Twi ɗinki ya yi kyau da yawa. Ki ɗan karya shi." Na ce ai haka muke yi, a nan aka haife ni. Ya ce, "Na sani, amma mutane ba za su yarda ba. Ki yi irin na masu suya." Mma Asana da take yaren Ga har 'yan Jamestown masu yaren su tambaye ta gidan su wa ta fito, ita aka mayar wadda ba ta iya haɗa kalma biyu ba. Na karya. Bayan haka aka daina zuwa bencinta neman shawara. Ta zama ba ta iya canji ba, tana tsoron wayar hannu, tana barci a bakin tukunya da baki buɗe. Ƙasan tukunyar da take raba wa yara, wani ya rubuta cewa ita take shanyewa a ɓoye.

Ni kaɗai ce 'yar Zongo a wurin. Duk wanda zai ce wannan ba haka ba ne, ni ce. Na yi shiru, don ina tsoron a ce Amariya ta fara girman kai, a nemo wata. Baabanki ya yi mini magana. Kin san shi, kafin ya fitar da kalma an sha jira, amma ranar ya fitar. Ya ce, "Adiza, matar nan ta fara ba ni kunya a tasha." Na ce masa baƙin ciki yake yi don an fi sanina a kansa. Ya ɗauki hularsa ya fita. Har yau ban daina jin nauyin wannan maganar ba, ko da yake ya ce ya manta.

Ki riƙe wannan. A wurin aikinki, mai yiwuwa ke kaɗai ce kika san yadda muke. Kada ki jira wani ya gyara, ba wanin. Ki yi magana tun abin yana ƙarami, tun ana iya gyara shi da dariya, don icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Kuma idan wani na gida ya kira ki ya ce abin ya fara wari, kada ki ce hassada ce. Masu tafa miki a titi ba su za su zauna da abin ba.

Yanzu na zo wurin da ya fi ko'ina wuyar rubutawa. Wani mako aka miƙo mini takarda. Famfo ya ɗauke a gidan hayar, Mma Sana ba ta son sayen ruwa, sai ta faki ido ta ɗebo na kwata ta zuba a koko, 'yan haya su sha su yi ta layin banɗaki. Na karanta har ƙarshe. Na je wurin daraktan na ce wannan kam ya yi yawa, mai abinci ba ta wasa da ruwa. Ya dafa kafaɗata ya ce, "Anti, komedi ne kawai. Wa zai ɗauka da gaske?" An riga an kunna fitilu, mutane na jira, kowa ya zuba mini ido. Na ja mayafin Mma Asana na rufe kaina, na ɗauki bokiti na yi. Har na ƙara da waige-waige irin na ɓarawo, don ya fi ban dariya. Wannan ba su suka rubuta ba, ni na ƙara.

Kin san abin da kwata take nufi a unguwarmu. Duk wanda zai zagi Nima da ita yake farawa. Kuma kin san mai koko ba ta da wani jari da ya wuce a yarda da ruwanta. Mma Asana kafin asuba take tashi, ta wanke rariya, ta wanke tukunya, ruwan da ba za ta yi alwala da shi ba ba ta dama koko da shi.

Washegari samari suka fara. "Mma Sana, yau ruwan ina ka sa?" Suna dariya, suna saye, a ganinsu wasa ne. Amma ma'aikatan ofis da suke tsayawa da mota su saya a leda, su suka daina tsayawa. Sai baƙi suka fara zuwa daga wasu unguwanni don su ga ta gaskiyar. Wani ya fizgi ƙosai ya ruga, ya tsaya daga nesa yana jira ta biyo shi. Tsohuwa ta tsaya tana kallonsa, ba ta san me yake jira ba. Abin da ya fi ci mini rai, yaran lungu. Idan ta ɗaga ludayi za ta ƙwanƙwasa musu, sai su watse da gudu suna ihu suna dariya, wai za ta bi su. Ta kira, su ƙi matsowa. Sai ta daina ƙwanƙwasawa. Ba a daɗe ba ta daina fitowa gaba ɗaya, ta ce gwiwa ce.

Duk wannan a bakin mutane na ji, don ni na daina bin lungun. Ina auren Baabanki a Nima lokacin, tafiyar da ba ta kai a hau mota ba, amma sai in zagaya ta bayan kasuwa. Ina cewa sai abin ya lafa, sai na samu abin da zan riƙa in je da shi. Kada ki yi wannan, 'yata. Idan kin ɓata wa mutum, ki je da ƙafarki tun abin yana da zafi, hannu sake. Jiran da nake cewa don ita nake yi, don kaina nake yi.

Da na je, bayan la'asar ne. Na same ta a ƙofar ɗaki tana tsince wake, ko da yake ba ƙosan da za a soya. Na durƙusa na gaishe ta, ta amsa, ta karɓe ki daga bayana ta ɗora a cinya. Na shirya maganganu tun daga gida, duk suka gudu. Ita ta fara. Ta ce, "Adiza, ina kallon matar nan taku." Na ce na'am. Ta ce, "Da farko na so ta. Tana da hankali, tana da kunya. Me ya same ta?" Ta ci gaba da tsintar wakenta, can ta ce, "Na ce ko ba ta da dangi ne. Mai dangi ba a barinsa ya lalace haka a gaban mutane, ba wanda ya ja shi gefe."

Ba ta ce na ci amanarta ba, ba ta ambaci teburin ba. Na fashe da kuka na ce ta yafe mini. Ta ce ta yafe tun kafin in zo, in tashi in ba ki nono kina kuka. Amma ba ta sake fitowa da tukunya ba har ta koma ga Allah. Na yi ta juya maganarta. Matar nan tana da dangi, mutum ɗaya, kuma yana tsaye a wurin duk ranar da aka wulaƙanta ta. Sakina, matar da za ki yi a Kumasi ba ta da kowa a can sai ke.

Na bar wasan a makon. Na ɗauka idan na tafi za su ce ta yi tafiya ko ta mutu, ta huta. Ina! Wani ƙato suka samo mai gemu, suka cusa masa tsumma a ƙirji, yana maƙe murya yana bin mutane da ludayi. Kuma mayafin da ya yafa na Mma Asana ne, don a akwatinsu na bar shi, kunya ta hana ni komawa in karɓa. Haka aka yi ta yi har mutane suka gaji, shirin ya mutu. Kin ga fita ma ba ta ceto ta ba, na makara. Bayan rasuwar Mma Asana na fito da teburin na goge. Na daɗe ina dama koko a gaban mutane, ina zuba ruwan leda suna gani, kafin a daina yi mini tambayar nan.

To ga abin da ke hana ni sukuni. Na kalli bidiyoyinki duka, ƙanwarki ta nuna mini. Kin iya, har kin fi ni. Wanda kike kwaikwayona ina yi miki faɗan dawowa a makare ina kuma zuba miki tuwo ina ƙara nama, na kalle shi na yi dariya na yi hawaye, don haka nake. Amma na sa ta nuna mini wanda aka fi kallo. Ba shi ba ne. Wanda nake zazzaga wa yaron trotro masifa ne a tashar motar unguwar Madina. Kin san ranar, kin san ya ture wata mai ciki ne tana hawa. A bidiyon babu mai cikin, daga ihuna kika fara. Na san ba da nufi kika yi ba, dogo ne kika rage. Amma shi mutanen Kumasi suka gani suka kira ki. Da na gane haka sai na mayar wa ƙanwarki wayar.

Kuma zamaninku ya fi namu haɗari. Mu a nuna a wuce, wanda bai gani ba sai labari. Ku kuwa a yanko ɗan guntu a saka a waya, ya je Kano, ya je Jidda, jikokina su tarar da shi. Ina tunanin ranar da wani zai tsaya a gaban teburina ya ɗaga waya yana tsokanata don in yi ihu. Ina tunanin ƙanwarki a makaranta. Na kai shekarun da Mma Asana take lokacin, gwiwar ma ta fara, kuma ban da teburin nan ban iya komai ba. Tsoro nake ji, Sakina. Ban taɓa gaya miki haka a kan komai ba.

Na yi tunanin in ce a'a. Na san idan na ce, za ki bari, ki dawo ki zauna kina taya ni suya, kina yi mini murmushi, ni kuma in san abin da na kashe. Baabanki ya ce in bar ki, ya ce ke ba ni ba ce. Ban sani ba ko yabo ne ko zagi, ban tambaye shi ba.

Ki ci abinci kafin ki fita aiki, mai yunwa ba ya iya cewa a'a. Ki je ki gaida Anti Rabi a unguwar Aboabo cikin makon farko, kada ta ji a bakin wani cewa kina gari. Ki tafi da kayanki na sawa, ban ba ki ko ɗankwalina ba kuma da gangan ne. Sunan matar kada ya yi kama da nawa. Idan an miƙo miki takardar da ranki bai kwanta da ita ba, kada ki tsaya jiran a kunna fitilu, ki kira ni ko ina tsakiyar ciniki.

Amsarki ita ce na yarda. Ki yi ni. Ban yarda don tsoron ya tafi ba, yana nan. Na yarda ne don ni ban tambaya ba, ke kin tambaya, kuma kin tsaya kin jira. Ki yi masifata, ina da ita, ba zan musa ba. Amma ki bar mai cikin a ciki.

Ranar da za a fara nuna wasan, ba zan kalla ba, kada ki ji haushi. Zan kwanta da wuri. Da asuba zan fito da tukunyata bakin lungu kamar kullum, in zauna in jira masu saye. A fuskarsu zan ga abin da kika yi da ni.

Allah Ya tsare ki, Ya tsare bakinki, Ya rufa mana asiri ni da ke. Allah Ya jiƙan Mma Asana. Baabanki da ƙanwarki suna gaishe ki.

Wassalam.

Mmarki,
Adiza